Kwana Uku, In Ji Tanimu

Tanimu mai fenti ya wanke burushinsa a bakin rijiya,
ruwan ya koma launin bula.
Ya ce, "Malam, ban da gaggawa.
Bushewa daban, kamawa daban.
Zuwa la'asar in ka taɓa, ba zai bi yatsanka ba,
amma fuskar ce kawai, cikin ɗanye ne.
Damina ce, ka ba shi kwana uku.
Ƙofar kuwa fentin mai ne, ita sai mako."
Ya ɗaure gwangwanayensa a bayan keke,
ya gangara Tudun Jukun, wani bangon na jiransa.

Ga kayan Inna zube a tsakar gida:
gadon ƙarfe mai ƙara,
kabad ɗin da ƙafarsa ɗaya ke kan bulo
tun ina aji biyu,
keken ɗinki da zare baƙi har yanzu a allurarsa.
Shekara talatin rabonsu da rana,
yau sun yi cirko-cirko
kamar fasinjojin da mota ta zubar a Kwangila.

Daren farko hadari ya taso ta wajen Dakace.
Ni da Barira muka fito da gudu,
tana jan tamfol, ina neman duwatsun dannewa.
Ta ce, "Mu mayar da su mana, ai ya sha iska!"
Na leƙa ɗakin da tocila.
Bangon na ƙyalli, fes, babu tabo,
kamar ba a taɓa yin tari a cikinsa ba.
Na ce a'a.

A ƙarƙashin wannan shuɗin akwai lambar wayar Kawu na Gyallesu
da ta rubuta da fensir, bakwai ɗinta a juye.
Akwai zane-zanen zubin adashe, biyar-biyar.
Akwai baƙin fitilar ƙwai can sama,
da wani maiƙo daidai inda take jingina kai
in ta idar da isha'i tana jan carbi.
Shafa biyu Tanimu ya yi musu.
Ni na biya shi, har da na goro.

Kwana na biyu, warin ya fara sauka.
Na sa bayan yatsa, sanyi kawai na ji.
Ina juyowa sai ga Hansatu,
'yar shekara uku, ta maƙe a bayan labule,
tafin hannunta shuɗi.
A jikin ƙofar, ƙasa-ƙasa,
yatsu biyar sun zauna daram.
Na kira Tanimu, ya yi dariya,
ya ce shafa ɗaya ce, gobe zai biyo.
Na yi shiru har ya ce, "Malam, kana ji?"
Na ce ya bar shi.

Ranar ta uku, bayan azahar, muka ɗauki gadon.
Ƙafafunsa suka faɗa tsofaffin gurabensu a siminti,
ba mu ko auna ba.
Kabad ɗin na bar masa taƙi guda daga bango,
don Tanimu ya ce bango ma yana numfashi,
in ka matse shi, ya riƙe maka katako,
ran da ka ja, ya biyo ka da fata.
Bulon ma na mayar ƙarƙashin ƙafar.

Jiya a kasuwar Sabon Gari
wani abokin makaranta ya kama hannuna,
ya ce, "Ashe Inna lokaci ya yi? Ya haƙuri?"
Na ce da godiya.
Wata huɗu ke nan.
Ya saki hannun, ya shafa fuska, ya wuce,
babu abin da ya bi yatsansa.

Na sayi man keken ɗinki, na nufo gida.
Ƙofar saura kwana biyu.